Dawakin da Baba ya bari, a riƙe ko a kai kasuwar Maigatari?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya baku haƙurin rashi. Na karanta tambayar taka har sau biyu. A taƙaice kace ka kusa ritaya kana so ka tattara ka koma gida da zama, mahaifinku ya rasu ya bar dawaki biyu a barga, ƙannenka sunce a sayar a raba kuɗin tunda ba mai hawa, kai kuma ranka bai so ba, shine kake tambaya wai riƙon doki a ƙaramin gari yanzu abu ne mai yiwuwa ko jawo wa kai wahala ne kawai. Toh ni dai malamin dabbobi ne, shekarata ashirin da 'yan kai ina wannan aikin a ƙasar Gumel, kuma kafin aikin ma a gidan barga aka haife ni, ƙamshin kashin doki (eh ƙamshi nace) da hayaƙin yamma su na fara sani a duniya, don haka zan faɗa maka abinda na sani ba kwana-kwana.

Tukunna dai, dawakin nan gado ne, ba naka bane kai kaɗai, mata da ƙananan yara duk suna da haƙƙi a ciki. In kana sonsu a kira dillalai biyu ko uku waɗanda basu haɗa baki ba suyi musu kuɗi a gaban kowa, ka biya 'yan'uwanka rabonsu, sannan su zama naka halak malak. Na ga gidan da zumunci ya lalace akan doki ɗaya, babban wa ya riƙe wai na gida ne, ana ta ciyar dashi daga rumbun gado, ƙarshe dokin ya mutu rigimar tana nan da ranta. Wannan ka gama dashi da malamai kafin ma a zo maganar harawa.

Maganar riƙo kuwa, mutane in zasu yi lissafin doki kuɗin saye suke kallo, alhali kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa a wuce wurin, kai ma gashi a sauƙaƙe zaka samu. Abu biyu ne ke riƙe doki a ƙauye, mutumin da zai kwana kusa dashi, da ɗakin harawa da aka cika tun kaka. In kana da su biyun bismillah. In ɗaya babu, wallahi gara ka kaisu kasuwa tun suna da tsoka a jiki, don dokin da aka bari ya rame haƙarƙari a waje ba kuɗi zaiyi ba, ga alhaki.

Bari in fara da mutumin don shine mai wuyar samu yanzu. A bargar gidanmu akwai wani tsoho, ba jininmu bane amma a gidan ya tsufa, ɗakinsa a jikin bargar yake ƙofar na kallon dawakin. Kafin kiran assalatu ya tashi, ko fitila baya ɗauka, zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa wuya yana musu magana ƙasa-ƙasa, sai ya tsuguna ya ɗauki kashin da kowanne yayi da daddare ya murmushe a hannu ya shinshina. Mu yara dariya muke masa a ɓoye. Sai da naje makarantar koyon aikin dabbobi na gane ashe tsohon nan awo yake yi, kashi in ya bushe yayi ƙanana-ƙanana toh ruwa bai ishi dokin ba, in yayi ruwa-ruwa yana tsami hatsi yayi yawa, in kuma ba kashin gaba ɗaya toh ranar ba mai karyawa a gidan sai an gano dalili. Bayan asuba a share, a kwashe kashi a kai juji, inda fitsari ya jiƙa a kankare a zuba sabon yashi, a basu ruwa, sannan harawa, hatsi sai can daga baya. La'asar sakaliya a ɗaura sirdi a fita kilisa bayan gari, a dawo kafin magariba a sauke sirdi a goge gumi a duba baya ko sirdin ya ci, a tada hayaƙi. Haka kullum, ba Juma'a ba sallah, ranar da aka yi mana rasuwa ma sai da ya shayar dasu kafin ya bi gawa.

Irin wannan mutumin kake nema, ko rabinsa. Ba yaron da zaka ba dubu kaza a wata ya zo da hantsi ya watsa musu ciyawa ya hau babur ɗinsa ya tafi acaɓa ba. Ka tambaya waye yake kula dasu tun Baba na da rai, in yana nan ka riƙe shi hannu bibbiyu, ka duba abincin gidansa da maganin iyalinsa da kayan sallarsa, don gaskiya dokin nasa ne, kai suna kawai gareka.

Kuma tunda kace komawa gida zakayi da zama bari in gaya maka abinda zaka tarar, don kai ka daɗe a birni. Ƙaramin gari irin namu in akwai barga toh nan ne majalisa, ko ka so ko baka so ba. Da yamma za'a shimfiɗa tabarma a ƙofar, dattijai su zo, mai shayi ya matso da teburinsa, yara su yi cirko-cirko a bakin zaure suna jiran a ce wa ɗaya riƙe ragamar nan, wanda aka ba kuwa ranar ko abinci bazai ci ba don murna. Nan ake jin farashin gero a kasuwar da ta ci jiya, nan ake jin wa zai aurar, gonar wa shanu suka shiga, nan ake musun launin dawaki da baya ƙarewa, wai kilin hakimin gari kaza ne yafi ko akawal ɗin wane, wani yace shi a duniya ba kamar hurde, wani yace danda sai mai tsautsayi, kowa da camfinsa akan farin ƙafa da inda gashi ya murɗe, kuma duk wanda yafi surutu dokin kakansa ne yafi na kowa gudu, daman ance dokin mai baki yafi gudu. In kai mai son kaɗaici ne ka sani barga zata hana ka, kuma shayi da goron majalisar nan a aljihunka zasu dinga fita.

Sannan mutane da yawa suna cin abinci a jikinta ba tare da an lura ba. Yaran da ke yanko ciyawa da damina su kawo a kai ko a amalanke, matan da ke tara dusa da ƙasari in sunyi surfe su aiko a saya, ɗan garuwa, maƙerin da ke gyara linzami da likkafa, badukun da ke ɗinke majayi in ya tsinke, makaɗa ranar hawa, har manomin da zai zo da rani yana roƙon a sayar masa da jujin don takin doki ba wasa ba, yanzu da buhun takin zamani ya gagari talaka kuwa har rububinsa ake. Kai kanka in zakayi noma, takin dawaki biyu na shekara zai rage maka wani abu.

Da can kusan duk gidan hakimi da dagaci da attajiri akwai barga, abinda ya rage su ba wani ɓoyayyen abu bane. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke mulki daga hannun sarakuna ya kai sakatariya, sannan a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar Kano, lokacin mu nan duk Kano muke don sai 1991 aka yanki Jigawa. Hakimin da da yake zaga ƙasarsa akan doki yana karɓar haraji, hatsi da harawa na shigo masa ta ko'ina, sai ya koma ɗan albashi, ga mota ga babur sun zo, doki ya tashi daga abin tafiya ya koma kayan ado na sau biyu a shekara. Amma har yau hakimi dole ya kai dawaki hawan sallah gaban sarki, shi da dagatansa da masu unguwanninsa, kuma abin kunya ne ace tawagarka ta fi ta kowa ƙanƙanta, shiyasa ana saura sati biyu sallah zaka ga ana ta aike gidan masu doki ana neman aro ko haya. In ka riƙe dawakin nan ka sa a ranka za'a aiko maka, kuma a ƙaramin gari ba'a ce wa hakimi a'a kai tsaye, sai dai ka koyi yadda ake cewa ranka ya daɗe ɗayan yana ɗingishi.

Toh yanzu ciyarwa, nan zan ɗan daɗe don nan ake kashe dawaki. Dokinmu na gida yawanci kilo 300 zuwa 350 ne, kuma doki na cin kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa na busasshen abinci a rana, kaga kilo 6 zuwa 7 kenan kowanne, kullum ta Allah, kuma mafi yawan wannan ya zama harawa da ciyawa ne ba hatsi ba. Doki ba saniya bane, baya tuƙa, tumbinsa ƙarami ne akan girman jikinsa, kuma Allah bai bashi ikon yin amai ba, abinda ya shiga sai dai ya fita ta baya ko ya kashe shi. An halicce shi ne ya wuni yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Don haka hatsi a raba shi sau biyu ko uku, kar ya wuce rabin kwanon awo a ci ɗaya (kwano ɗaya na gero wajen kilo biyu da rabi ne), dokin da ba aiki yake ba ma bai buƙatar ko haka. Geron a ɓarza shi ko a jiƙa na ɗan lokaci, in ka bashi tsabarsa haka nan zaka ganshi ya fito a kashi kaji na bi suna tsattsaga, kuɗinka ne kaji ke ci. Amma jiƙon kar ya kwana yayi tsami. Dusa tana da kyau amma ba ita kaɗai ba, dokin da aka riƙe da zallar dusa wata da watanni ƙashinsa na yin laushi har fuska ta kumbura, harawar wake da ta gyaɗa su ke gyara wannan. Gishiri a ajiye masa ya lasa, jar kanwa kaɗan kamar yadda iyayenmu ke yi ba laifi, amma ba a mayar da ita maganin komai ba. Abu uku kar su kusanci bakinsa, harawar da tayi funfuna, gyauron dawa ɗanye wanda ya sake tohowa bayan girbi, da abincin kajin gidan gona, wannan na ƙarshen akwai wani magani da ake sawa a wasunsu wanda kaza bata ji amma doki kaɗan ya ci zuciyarsa ta tsaya. Sai leda, ledar nan da ta cika mana gari, dokin da aka saki yana kiwo a juji zai haɗiye ta ta toshe hanji.

Ruwa lita 25 zuwa 40 kowanne a rana, da bazara ya wuce haka, wato dawaki biyu ka lissafa jarka uku zuwa huɗu kullum banda na wanka. In garinku irin wanda ake layi a burtsatse ɗaya ne tun asuba toh wannan ma lissafi ne, kuma mutane na gani, wata rana zaka ji ance mu bamu samu na sha ba doki na wanka.

Ɗakin harawa da nace, ga dalili. Da kaka in an cire wake da gyaɗa harawa kamar banza, wani ma in kun saba kyauta zai ce ka kwasa. Ita ɗin dai in aka shiga Afrilu da Mayu sai ta ninka biyu ko uku, wani lokacin da kuɗinka a hannu babu, don masu kiwon ragunan layya sun kwashe. Kuma ka duba, a shekarun nan ƙaramar sallah a Maris take faɗowa, babba kuma ƙarshen Mayu zuwa Yuni, wato daidai lokacin da ake son doki yayi ɓul-ɓul yana sheƙi shine lokacin da abinci yafi tsada kuma zafi yafi tsanani. Wanda bai tara tun Nuwamba ba shine zaka gani yana ɗura wa doki hatsi ana gobe sallah wai yayi ƙiba. Ka sayi ta wata bakwai zuwa takwas a lokaci ɗaya, ta bushe sosai, a ɗora akan itace ko a saman rumfa kar ta taɓa ƙasa saboda gara, a rufe saboda rana da ruwan farko.

Wata shekara ana saura kwana uku sallah aka buga min waya wajen ƙarfe ɗayan dare daga wani gari, na hau babur cikin yashi tocila a baki don fitilar babur ɗin ta mutu. Na tarar da ingarma kyakkyawa, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana tono ƙasa da ƙafar gaba, ya juya ya kalli cikinsa, ya kwanta yayi birgima ya miƙe. Nace me ya ci, aka yi shiru, can yaron bargar yace maigida ne yace a ƙara masa, sai ya juye masa kwano uku na jiƙaƙƙen gero wanda ya kwana biyu a bokiti. Wannan da sauƙi, ciwon ciki ne kuma da alamar zai wuce. Abinda ya tada min hankali kafin in iso sun riga sun ɗaure kansa sama a reshen darbejiya sun ɗura masa manja da kanwa da kwalba, yana fizge-fizge suna ɗurawa, ina sa abin sauraro a ƙirjinsa naji abinda nake tsoro, rabin ɗurin a huhu ya sauka. Nayi masa allura, muka zaga dashi a hankali har asuba, yayi kashi kowa yace alhamdulillahi an gode malam. Ni dai na san ba'a gama ba. Washegarin sallah ya mutu da ciwon huhu, kayan hawan da aka ɗinka masa ko gwadawa ba'a yi ba. Don Allah Alhaji in doki na ciwon ciki a ɗauke abinci daga gabansa, a zaga dashi a hankali in yana son birgima, a kira ma'aikaci, kar a ɗura masa komai da kai a sama, ta hanci kuwa ko da wasa. Ka sayi ma'aunin zafi na kemis ka ajiye a barga, lafiyayyen doki 37.5 zuwa 38.5 yake, bugun zuciya kamar 30 zuwa 40 a minti in yana hutawa, in ka ji ya haura 60 ga ciwon ciki toh abin ya girma. Wannan kaɗai in ka faɗa min a waya na san ko in taho da gudu ko in jira gari ya waye.

Hayaƙin yamma da tsofaffi ke tadawa ba al'ada bace kawai. Akwai cutar da ake kira cutar dawakin Afirka, wasu ƙananan ƙwari ne masu cizo ke yaɗa ta, sun fi sauro ƙanƙanta, daga faɗuwar rana zuwa safiya suke fitowa, an fi ganinta da damina zuwa ƙarshenta. Zazzaɓi, ramin nan na saman ido ya cike ya kumbura, numfashi da ƙyar, in ta kai ƙarshe kumfa ta hanci. Bata da magani sai dai kariya, kuma tafi kashe dawakin da aka shigo dasu daga waje akan namu na gida, shiyasa masu dawakin folo ke tsoronta kamar me. In ka ga irin wannan ka sanar da ofishin dabbobi a ɗauki jini a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Kar a kwanar da doki a fadama ko bakin kududdufi. Sai murar dawaki, ka tuna ƙarshen 2018 zuwa 2019 yadda ta bi ta Sakkwato da Nijar ta kashe jakuna ba adadi, ita a taro ake ɗaukarta, kasuwa da wurin hawa, don haka dokin da ya dawo daga hawa ko sabon saye a ware shi kamar sati biyu, bokitinsa daban. Tetanus kuma doki na cikin dabbobin da tafi kamawa, ƙusa ɗaya ya taka ko ciwon dabaibayi ya ishe shi, zaka ga ya sandare wutsiya a ɗage baki ya ƙi buɗuwa, akwai rigakafinta kuma tafi jinya arha nesa ba kusa ba. Kaska a dinga cirewa ana duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da tsakanin cinyoyi, don tana sa zazzaɓin da ke shanye jini ido yayi ɗorawa. Maganin tsutsar ciki a bashi na dawaki daidai nauyinsa, farkon damina da ƙarshenta ko yadda ma'aikacinku ya tsara, ba wanda mai talla a kasuwa ya ƙulla a leda ba.

Ginin bargar ba sai ka kashe kuɗi ba. Inuwa, iska na ratsawa, ƙasa yashi mai ɗan gangare. Rufin kwano ƙasa-ƙasa da bazara tanda ne, gara rumfar kara mai tsayi ko a sa zana a ƙarƙashin kwanon. Siminti tsirara kuma yana cin kofato da gwiwa. Abincin a akushi ko rabin duro, kar a zuba a ƙasa yana haɗawa da yashi. Turke biyun a nisanta su yadda ko sun juya baya ƙafa bazata kai ba, tunda mu nan maza muke ɗaurewa kuma bama dandaƙa, ingarma biyu kuwa in goɗiya ta gifta ko a bayan katanga ne sai ka ji kamar ana yaƙi. Igiyar ƙafa a naɗe ta da tsumma a dinga sauya ƙafar. Kofato a gyara duk sati shida zuwa takwas, dokin da ke tsaye a turke ba ya cinye kofatonsa da kansa. Sai linzaminmu na gargajiya, ni ɗan gida ne amma zan faɗa, yana da kaifi, a hannun gwani da ɗan yatsa ake sarrafa shi, a hannun yaro mai son a ɗauke shi bidiyo yana zamiya kuwa sai ka ga jini a bakin doki. Kilisar yau da kullum a sa masa mai sauƙi.

Su kansu dawakin biyu shekarunsu nawa? Baka faɗa ba kuma amsar na canza komai. Ka ɗaga leɓe ka duba haƙoran gaba. Na tsakiya suna famfara a shekara biyu da rabi, na kusa dasu uku da rabi, na gefe huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Daga nan sai tsawo da karkata gaba, kuma a haƙorin sama na gefe akwai wani layi da ke ɓullowa daga dasashi wajen shekara 10, ya kai rabi a 15, ya kai ƙasa a 20. Doki na iya kai 25 har fiye in ya samu riƙo. In ɗaya tsoho ne wanda Baba ya daɗe yana hawa, kasuwa bazata bashi daraja ba, kuma ka san inda tsofaffin dawaki da jakuna ke ƙarewa in an loda su a mota an yi kudu dasu, ni dai da nine shi zan riƙe ya mutu a turkensa. In kuma duka matasa ne toh kuɗi ne a tsaye, don doki yayi tsada sosai, yawancin na kasuwannin Maigatari ranar Alhamis da Mai'aduwa ranar Lahadi daga Nijar suke shigowa, ga sefa ta yi wa naira nisa, ga rufe boda da akayi a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. In zaka sayar kar ka je da kanka da babbar riga da mota, ka tura wanda ya san dillalan, ayi maganar la'ada tun kafin a taya.

Nasan wani zai ce maka ai doki na ciyar da kansa, a bada haya. Eh ana samu, hawan angonci, saukar karatu, naɗin sarauta, ga samari yanzu sun dawo da son doki saboda TikTok, har ƙungiyoyin mahaya suke yi, kuma ni ina jin daɗin hakan don da ba su da barguna da yawa sun zama shagon caji. Amma kuɗin haya na kwana ɗaya baya biyan jinyar dokin da aka yi ta sukuwa dashi akan kwalta da tsakar rana aka dawo maka dashi baya a saɓule. In zaka bayar toh yaronka ya bi shi ƙafa da ƙafa, shi zai ɗaura sirdi shi zai sauke. Kuma kar ka gina lissafinka akan hawan sallah, a 2020 korona ta hana, a Kano ma shekarar 2024 da UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan sallarsu cikin al'adun duniya a watan Disamba, a shekarar ne 'yan sanda suka hana hawan babbar sallah saboda rigimar sarauta, aka sake hanawa a 2025, mutane sun ciyar da dawaki wata da watanni sun ɗinka kaya ba'a hau ba. Doki kuwa ko an hau ko ba'a hau ba da safe sai ya ci.

Da nine kai, da fansho zan zauna ba wata babbar sana'a ba, ɗaya zan riƙe in bar wa magada ɗayan a sayar, in ba haka ba kuɗin harawa zai dinga faɗa da kuɗin cefane kuma Hajiya bazata yafe wa dokin ba. Sai dai doki baya son zama shi kaɗai, in ka raba su zai yi kwanaki yana haniniya yana ƙin ci, a ɗaure masa jaki ko tunkiya kusa yana gani, zai saba. Sirdin Baba da likkafunsa da jalala da sauran kayan kuwa su ma a yi musu kuɗi ka saya, irin aikin hannun nan na da yanzu ba'a samu, a shafe fatar da mai a rataye inda ɓera da gara basa kai.

In ka je gida wannan satin ka ɗauko min hoton haƙoran kowanne ta gaba da ta gefe, da kofato huɗun, da bayansu inda sirdi ke zama, sannan ka tambayi mai kula dasu dami nawa na harawa ya rage a ɗaki da kuma yaushe rabon a basu maganin tsutsa, sai mu san wanne za'a riƙe.